Sintesaiza analog da sanyin Jos: yadda ake tsara kiɗa da na'urar da ba ta ajiye komai

"Assalamu alaikum Malam. Ina aikin situdiyo ne a nan Jos, wajen titin Bauchi, ina buga wa mawaƙa kiɗa da fiyano da kwamfuta. Wani yayana da ke waje ya aiko mini da sintesaiza analog ta hannu, mai maɓallan murɗawa da ramukan da ake soka wayoyi. Sautinta ya shiga raina, amma ta gagare ni. Ba ta da muryoyin da aka ajiye, amo ɗaya take fitarwa a lokaci guda, in na saita ta da safe kafin azahar ta kauce, abin da na haɗa jiya yau babu shi, in na tada janareto kuma sai ƙugi. Ga shi wasu abokaina 'yan fim sun ce in yi musu minti 20 a wani ɗan taro wata mai zuwa. Lalatacciya aka aiko mini, ko ni ne ban iya ba? Kuma yaya ake tsara kiɗa da abin da ba ya zama wuri ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa yayan naka da alheri. In na fahimce ka, cikin duk abin da ka lissafa ƙugin nan kaɗai ne ciwon da ke neman magani. Sauran halin na'urar ne, haka aka ƙera ta, kuma kiɗan da kake son yi daga cikin wannan halin yake fitowa. Ba zan rantse maka cewa taka lafiyarta ƙalau ba tunda ban taɓa ta da hannuna ba, amma zan nuna maka yadda za ka bambance hali da lalacewa da kanka.

Fiyanon da muke aiki da shi, irin Yamaha PSR ɗin nan da ya raini kiɗan finafinan Hausa, an riga an adana masa sautin sarewa da ganga da jita, kai dai ka danna lamba ya fito, yau da gobe iri ɗaya. Analog babu abin da aka adana a cikinta. Wutar lantarki ce ke kai-komo a cikin da'ira, lasifika ta mayar da kai-komon nan iska. Inda aka rubuta VCO shi ne osileta, mai haifar da kaɗawar. VCF filta ce, tana rage wa sauti kaifi ko kauri. VCA ƙofar fita ce, embulof kuma shi ke faɗa mata yadda za ta buɗe, farat ɗaya ko a hankali. LFO osileta ne mai tafiyar hawainiya da ke murɗa maka wani maɓallin alhali hannunka na wani wuri. Kowane sashe ana juya shi da bolt, kuma bolt ɗin ne wayoyin da ake sokawa a ramukan ke ɗauka daga nan zuwa can; haɗin da ka yi da wayoyin da saitin maɓallan shi ake kira faci. A yawancin na'urori ƙarin bolt 1 yana ɗaga amo oktaf guda, wato kaɗawar ta ninka, daga 220 zuwa 440 a daƙiƙa.

Mutum biyu ne suka fito da dabarar a Amurka kusan lokaci guda. Robert Moog ya nuna tasa a New York a 1964, ya sa mata madannai irin na fiyano. Don Buchla a Kalifoniya ya ƙi madannan da gangan, ya sa farantan taɓawa da sikwensa, wato sashen da ke jero amo taki-taki da kansa, saboda a ganinsa duk wanda aka miƙa wa madannan fiyano kiɗan fiyano zai buga. Ni a wannan gaɓar ina bayan Buchla. Kada kuma wani ya ce maka abin Turawa ka ɗauko. Halim El-Dabh a Alƙahira ya naɗi sautin taron zar, wani irin taron bori na can, ya sarrafa shi da na'ura a 1944, shekara 4 kafin Pierre Schaeffer ya yi irin wannan a Faris. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset da ogan lantarki a 1978, rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye.

Fara da wuta

Juya adaftar da ta zo da na'urar ka karanta bayanta. Wutarmu bolt 230 ce mai kaɗawa 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 mai 60. In an rubuta 100 zuwa 240, ka tsira. Ranar da adaftar ta mutu ka je sayen wata, ban da yawan bolt ka duba ko tsakiyar bakin shi ne na ƙari ko na ragi. Akwai ɗan zane kusa da ramin. Na'urori da dama da aka kawo mini a mace, adaftar aro ce ta kashe su.

Ƙugin da kake ji, in ka kasa kunne, amo ne mai kauri kusa da amon G na can ƙasan fiyano, domin G ɗin nan kaɗawa 49 ne, wutar kuma 50. Wutar gidan ce ke yoyo cikin hanyar sauti. Ƙaramin janareto ya fi muni, don sai injin ya yi juyi 3,000 a minti yake ba da 50 ɗin, da an jona firji ko dutsen guga kuma sai ya sassauta, ƙugin ya riƙa sauka yana tashi. Zare komai ka bar na'urar da abin sauraro na kunne kaɗai. In shiru, ita lafiyarta lau, ciwon yana hanya. Sai ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, mikisa, lasifika, kwamfuta. Sau da yawa da an soka cajar laftof ƙugin ke dawowa. Hakan na faruwa idan kaya biyu suna haɗe ta wayar sauti amma kowanne na shan wuta a soket dabam, sai ɗan bambancin da ke tsakaninsu ya bi ta wayar sautin. Maganin farko kyauta ne: duk kayan kiɗa su sha daga soket ɗaya, ban da cajar waya da fanka, wayar sauti ta zama gajeriya, kada ta kwanta a jikin ta wuta. In bai tafi ba, akwai ɗan akwatin da masu sauti ke kira DI, mai taransifoma a ciki, yana yanke zagayen. Abin da wasu ke yi na karya ƙafa ta ukun kan soket, na hana ka shi. Ƙugin zai iya raguwa, amma ranar da wuta ta taɓa jikin amfilifaya, ta jikinka za ta bi.

Ni batir nake aiki da shi, a gida da wajen taro. Ƙananan na'urorin nan ba su cin wuta, batir ɗin sola guda da ƙaramar inbata sun ishe ka yini. Amma inbatar ta zama wadda aka rubuta wa pure sine a jiki, don mai arhar nan da ke sa fanka kuka za ta cika maka kunne da ziza. Da damina ka san tsawar garin nan. Da hadari ya haɗo, zare daga bango gaba ɗaya. Da hunturu ka rufe ta da zane saboda ƙura.

Dalilin kaucewa

Mutane da yawa na ɗora wa janareto laifin gudun saiti, alhali adafta da da'irar cikin na'urar suna daidaita wutar kafin ta isa osileta. Zafi da sanyi ne. A cikin osileta akwai taransista biyu da ke juya bolt ya zama kaɗawa. Bolt 1 ɗin nan na oktaf ana rage shi zuwa kusan milibolt 18, wato kashi 18 cikin 1,000 na bolt, kafin ya shiga cikinsu, kuma wannan ma'aunin yana motsawa da kusan kashi 1 cikin 300 a kowane digiri. Kamar ba komai ba, amma Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu asuba kan sauka ƙasa da digiri 10 wani lokaci, da rana kuma a haura 25, balle a ɗakin situdiyo mai rufin kwano da aka lulluɓe da soso. Bambancin digiri 15 ya kai kashi 5 cikin 100 in babu abin da ya tare shi, wato fiye da rabin tazarar madanni da maƙwabcinsa a kowace oktaf. Masu ƙira na manna wata rezista ta musamman a jikin taransistar don ta rama, amma ramuwar ba ta cika cif.

Mai ganga bai taɓa mamakin wannan ba, da sanyin safiya sai ya kanga fatar a wuta kafin ta ba shi muryar da yake so. Kai ma kunna ta ka bar ta minti 20 zuwa 30 kafin ka taɓa saiti, nesa da taga da fanka. Bayan nan saita A na ƙasa da ma'aunin saiti na wayarka, ka danna A ɗin da ke sama da shi oktaf biyu. In sun zauna, ko sun ɗan kauce tare, ɗan murɗi zai gyara. In na ƙasa daidai ne na sama ya gaza sosai, faɗin oktaf ɗin ne ya motsa, kuma akwai ɗan notin da ake gyara shi da shi. Littafin na'urar na faɗin wanne ne, kada ka murɗa wanda ba ka sani ba. In kuwa bayan awa guda amon na tsalle haka kawai, ko yana rawa in ka ƙwanƙwasa akwatin, to wannan lalacewa ce, liƙin dalma ya tsage ko kafasita ta tsufa. Nemi tsohon mai gyaran rediyo da amfilifaya wanda ya saba bin da'ira da mita. Sun fi masu gyaran waya fahimtar irin wannan ciki.

Murya ɗaya

A nan nake so mu zauna, don nan ne tambayarka ta fi daɗi. Ka ce amo ɗaya take fitarwa. Marigayi Ɗan Maraya a garin nan ya yi rayuwarsa har ya rasu a 2015, kuma da kuntigi mai tsirkiya ɗaya a kan gwangwani duniya ta san shi. Goge tsirkiya ɗaya ne, kukuma haka, algaita murya ɗaya, sarewa murya ɗaya. Kiɗanmu bai taɓa dogara da tara amo uku a danna lokaci guda ba. Abin da ke riƙe kunnen Bahaushe shi ne tafiyar murya guda, yadda take zamewa ta hau, inda take karyewa, inda take rawa, da yadda take kwaikwayon magana. Analog mai murya ɗaya ta fi fiyanonka iya wannan nesa ba kusa ba, saboda a wajenta babu katanga tsakanin amo da amo.

Siffofin kaɗawar da aka zana a jikin osileta ma suna da dangi a wajenmu. Mai kama da haƙoran zarto ita ce siffar da tsirkiya ke bayarwa in ana goga ta, tana maƙalewa tana suɓucewa, shi ya sa da ka ɗan rufe filta ka sa zamiya tsakanin amo sai ka ji goge na leƙowa. Mai kusurwa uku tana kusa da sarewa. Mai kusurwa huɗu in ka matse faɗinta sai ta koma ta hanci irin na algaita. Ban ce ka je kwaikwayon su ba, don kwaikwayon zai ji kunya a gaban mai abin. Wuraren da kunnenka ya riga ya sani ne, daga nan sai ka murɗa zuwa inda babu kayan kiɗan da ya taɓa zuwa.

Ga facin da nake fara koya wa yara da shi. Ɗauki siffa mai kusurwa uku ka sauke ta wajen kaɗawa 100 zuwa 150. Embulof ɗin ƙofa ya buɗe farat ɗaya ya mutu cikin kamar rabin daƙiƙa, babu riƙewa. Sai ka kai wannan embulof ɗin da waya, kaɗan ƙwarai, zuwa ramin da ke juya amon osileta, yadda kowane bugu zai fara a ɗan sama ya faɗo. Ka sami fata ke nan. Yanzu hannun dama na bugawa, na hagu na kan maɓallin saiti, yana yin aikin da damtse ke yi wa tsirkiyoyin kalangu: matsa ya hau, saki ya sauka. Faɗi wata magana da bakinka, sunan unguwarku ko wani kirari da ka sani, ka lura da inda muryarka ta hau, inda ta sauka, inda ta faɗo daga sama, da doguwar gaɓa da gajeriya, ka bi da hannu. Ranar da wani ya leƙo daga waje ya faɗi abin da na'urar ta ce, ka kama hanya. Daga nan gwajin ke farawa. Ja maganar ta yi tsawon minti guda. Ƙara rezonans, maɓallin da ke ƙarfafa sauti a daidai inda filta ke yankewa, har filta ta fara kuka da kanta tana amsa wa gangar. Ko ka sa osileta na biyu ya girgiza na farko da sauri har fatar ta koma ƙarfe.

Sai saiti. Madannan fiyano sun raba oktaf gida 12 daidai wa daida, yarjejeniya ce ta Turai don a iya ɗaga waƙa ko a sauke ta ba tare da an sake ɗaure kaya ba. Mai gurmi ko garaya bai san da zamanta ba. Yawancin waƙoƙinmu a kan amo biyar suke tafiya, kuma inda makaɗi ke ajiye biyar ɗinsa ya danganta da muryarsa da ta ubangidan da ya koya masa. Shekarun da aka yi ana buga wa mawaƙa fiyano sun danne wannan, kowa ya koma layi ɗaya, Auto-Tune, manhajar da ke jan murya ta zauna a kan amon fiyano, ta zo ta ƙarasa, kuma abin yana damuna ƙwarai. In na'urarka na da sikwensa mai maɓallin murɗawa ga kowane taki, kashe abin da ke tilasta wa amo faɗawa kan na fiyano, ka sa faifan wani mai gurmi ko na kundung, kayan kiɗan Birom mai jerin itatuwa da ake bugawa, ka murɗa kowane taki da kunne har ya zauna a kan nasa. Tsakanin madanni da maƙwabcinsa milibolt 83 ne kacal, duk abin da ke cikin wannan tazarar naka ne. In ba ta da irin wannan sikwensar, akwai ƙananan na'urori irin Korg Monologue da ke barin mutum ya gina nasa ma'aunin ya ajiye.

Kada kuma ka ji tsoron ziza. Dubi 'yan ƙarafan da ake maƙalawa a garaya, da tsirkiyar da ake gittawa a fatar ganga, da caki. Tura sauti cikin filta da ƙarfi har ya ɗan ƙone, ko ka zuba ɗan hayaniya a kan kowane bugu. Sauti mai tsabta tsaf yakan fito a mace a kunnenmu.

Tsara abin da ba ya zama

Rashin ajiya rubutu da naɗi ke maganinsa. Zana fuskar na'urar a takarda ka yi kwafi da yawa, duk facin da ya yi maka ka ja layin wayoyin, ka sa alamar inda kowane maɓalli ya tsaya da lissafin agogo. Ka rubuta har da abin da hannunka ke yi, don hoto ba ya kama shi: "katof (maɓallin buɗe filta da rufe ta) daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 2, a hankali, cikin minti 3." Gobe in ka mayar ba zai fito sak ba, ɗan'uwansa zai fito, kuma ya wadatar. Duk lokacin da ka kunna kuma, abin naɗa ya kasance yana tafiya, don abubuwan da suka fi kyau sukan zo ne sa'ad da kake neman wani abu dabam.

Tsarawa ce inda mutanen situdiyo ke shan wuya, domin an saba gini a kan bugu, a ɗora ganga, a ɗora bes, amshi ya dawo bayan kowane baiti. A kiɗan gwaji abin dubawa shi ne me ke canzawa, da wane sauri, kuma yaushe kunne zai farga. Ni takarda nake kwantarwa in ja layi daga minti 0 zuwa 20, in zana inda abu zai yi kauri da inda zai sirance, inda bugu zai shigo da inda zai watse, inda za a yi tsit. Ba na rubuta amo ko ɗaya. Ga minti 20, faci ɗaya da ka san lungunansa ya fi biyar da za ka yi ta zare wayoyi a gaban mutane.

Saita osileta biyu a amo ɗaya, sannan ka ɗan gusa ɗaya. In wannan yana 110 wancan 111, za ka ji sautin na kumbura yana sacewa sau ɗaya a daƙiƙa; gusa zuwa 113 ya zama sau uku. Ga bugu ba ganga, kuma kaucewar da kake kuka da ita ce ke sa shi numfashi a nan, don ba zai tsaya a gudu ɗaya ba. Da wannan da filta kaɗai ana riƙe ɗaki minti 5 in hannu ya yi haƙuri. Éliane Radigue ta Faransa ta shafe shekaru tana gina dogayen ayyuka da irin wannan motsi a kan sintesaiza guda ɗaya mai suna ARP 2500. Wata dabarar ita ce zagaye biyu masu tsawo dabam: sikwensa na tafiya taki 5, filta kuma na buɗewa duk bayan taki 8. Sai sun yi taki 40 za su sake haɗuwa a mafari, a tsakani kunne na jin abu na juyawa alhali ba ka taɓa komai ba. Wanda ya tashi yana jin uku a kan biyu a kiɗan kalangu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

In tana da ramin shigar da sauti daga waje, garin nan cike yake da kayan aiki: injinan yanka itace a Katako, sarar ƙarfe a Dilimi, hayaniyar Taminus da yamma, ƙanƙara a kan kwano. Naɗo da waya ka tura cikin filta. Ka nemi izinin mutane kafin ka ɗauki muryarsu. Kiran salla da karatun Alƙur'ani da waƙar coci kuwa ka bar su inda suke, ko da niyyarka mai kyau ce. Kai ɗan Jos ne, ka san abin da garin nan ya gani, kuma abin da mutane suka tsarkake ba kayan gwaji ba ne.

Ranar taron

Je da wuri ka kunna ta a inda za ka yi wasan, don saitin ɗakinka ba zai biyo ka ba, balle in a fili ne sanyin yamma na sauka. Batir ɗinka na nan zai yi maka rana: ko an ɗauke wuta lasifika ta mutu, na'urarka na nan da ɗuminta. Gaya wa mai sauti gaskiya, cewa abin nan na iya tsalle daga raɗa zuwa tsawa in rezonans ya kama, yana kuma iya sauka kaɗawa 20 ko ƙasa, inda ba a ji sosai amma lasifika na shan duka har ta yage. Ku gwada wurin da ya fi ƙara tare ku sa alama. Kunnuwan mutane ma amana ne, ƙara mai kaifi in ta daɗe ɓarnarta ba ta gyaruwa.

Mutanenmu in sun ga kayan kiɗa jiran wurin takawa suke, a yi rawa a yi liƙi. Kafin ka fara yi musu magana biyu: na'urar nan babu kiɗa a cikinta, duk abin da za su ji yanzu ake yin sa. Juya teburin yadda za su ga hannunka. Fara da abin da kunnensu ya sani, irin gangar nan mai magana, ka bar su su gane abin da ta ce, sannan ka ja su. Wasu za su fita, wasu za su yi hira, kada hakan ya sa ka ƙara gudu ko ƙara. Abin da na fi gani wajen masu farawa shi ne tsoron tsayawa, hannu ba ya barin maɓalli, sai ya zama babu abin da ya zauna har a san ya canza. Ajiye agogo a gabanka. Ƙarshen kuma ka shirya shi tun a gida ka maimaita shi fiye da komai, don mutane su san an gama.

Zan faɗa maka iyakar abin. Wannan kiɗa ba ya ciyar da gida a nan, ko a ƙasashen da ke da wuraren sauraronsa ma kaɗan ne ke rayuwa da shi kaɗai. Kada ka saki fiyanonka, kada kuma ka faɗa ramin sayen kaya, ga canjin dala ga kuɗin shigowa. In kana son ɗanɗana manyan na'urori, manhajar VCV Rack mai kwaikwayonsu kyauta ce a kwamfuta, za ta koya maka tafiyar wayoyi ko da ba ta ba ka taɓawar hannu. Abin da ya cancanci kuɗinka bayan batir shi ne ɗan akwatin amsa-kuwwa mai maimaita sauti, don shi ke ba murya ɗaya damar hira da kanta.

Inda nake ganin ƙofa a buɗe shi ne wajen abokan nan naka. Jos ce mazaunin Hukumar Finafinai ta Najeriya da makarantarta ta koyon fim, ga Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, ɗalibai na ta yin gajerun finafinai suna neman sautin da zai ɗauki fargaba ko kaɗaici ko faɗin duwatsun nan. Ka naɗi wasan ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye daga mikisa, ɗaya da waya daga bayan ɗaki don ka ji abin da mutane suka ji. Bar shi mako guda kafin ka saurara, ka yanko wuraren da suka tsaya da ƙafarsu, ka ba mai tace fim a cikinsu ya gwada ɗora su a kan hoto. Maganar sunanka a jerin ma'aikata da kuɗin aikin kuma ku gama ta tun kafin ka miƙa fayil ɗin, ko da abokai ne.